Sanin Itace Kafin a Ɗaga Gatari: Bishiyoyin Katako da Kasuwarsu





An nemi in yi magana a kan yadda ake gane manyan bishiyoyin da ake cin kasuwarsu, masu faɗin ganye da masu ganyen allura, wato dangin fayin. Na san a ɗakin nan akwai dattawan da suka fi ni sanin dawa nesa ba kusa ba, waɗanda ko cikin duhu suka shafa ɓawo za su faɗa maka sunan itacen. Su ba koya musu zan yi ba. Abin da nake so shi ne in haɗa sanin da ke hannunsu da farashin da ke kasuwa, domin a ƙasar nan abubuwan biyu sun daɗe da raba gari. Wanda ya san itacen bai san kuɗinsa ba, wanda ya san kuɗinsa kuma ba ya son mai itacen ya sani.

Masana sun kasa bishiyoyin katako gida biyu. Gida na farko su ne masu fure, waɗanda irinsu ke ɓoye cikin ɗa ko kwanso, kuma ganyensu na da faɗi. Kusan duk itatuwanmu na gado a nan suke, daga maɗaci har kuka. Gida na biyu ba sa fure irin wanda muka sani. Irinsu yana zaune ne a tsakanin ɓawon wani busasshen ƙulli mai hawa-hawa da ake kira kon, ganyensu kuma siriri ne. A kasuwar duniya ana kiran katakon gidan farko mai tauri, na biyu kuma mai laushi, amma kada wannan suna ya ruɗe ku. Rimi ɗan gidan farko ne, alhali da farce ma kana iya yi wa katakonsa shaida, kuma fayin ya fi shi ƙarfi. Bambancin gaskiya yana cikin ƙirar itacen. Ka sami wuƙa mai kaifi ka fere bakin katako, wajen da zarto ya gitta, ka duba da kyau. In ka ga ƙananan huji birjik, hanyoyin da ruwa ke bi ne, itacen mai faɗin ganye ne. Fayin ba shi da waɗannan, sai 'yan ɗigo jefi-jefi inda ƙaro ke tsattsafowa.

A dawa kuwa abu huɗu ake tambayar itace: ganyensa, ɓawonsa, abin da ke fitowa in an ɗan tsaga ɓawon, da 'ya'yansa. Ganye yana iya yaudara, musamman da rani in ya kaɗe, ko a jikin toho inda yakan fi na uwar girma. 'Ya'ya ba sa ƙarya. Don haka kafin ka ɗaga kai sama, fara duba ƙasa a gindin bishiyar.

Bari in fara da baƙon, domin shi ne aka fi jahilta. Babu fayin ko ɗaya da yake ɗan asalin Afirka kudu da Sahara; sai ka haura Maroko da Aljeriya da Tunisiya za ka tarar da na gado. Duk wanda kuka gani a Afaka kusa da Kaduna, ko a Miango a tsaunin Jos, ko a kan tsaunin Mambila, dasa shi aka yi. Wanda ya fi karɓar ƙasarmu shi ne Pinus caribaea, ɗan Amurka ta Tsakiya da tsibiran Kuba da Bahamas, sai Pinus oocarpa daga wajen Meksiko, da Pinus kesiya daga kudu maso gabashin Asiya. Tashar binciken dazuzzukan sabana da aka kafa a Samarun Zariya a 1964 ta yi aiki mai yawa wajen gwada su.

Gane fayin ba wuya. Tsinko ganyen ka duba gindinsa. Allurorin ba ɗaiɗai suke fitowa ba, a ɗaure suke cikin ɗan kube, bibbiyu ko uku-uku ko biyar-biyar, kuma wannan lissafi shi ne mabuɗin farko na sanin wane ne a hannunka. Caribaea galibi uku ne, tsawonsu santimita 15 zuwa 25, a miƙe. Oocarpa galibi biyar. Kesiya ma uku ne amma sun fi laushi da sirantaka. Murza su ka sunsuna, za ka ji ƙamshin ƙaro. Jikin bishiyar a miƙe yake sak, rassa na fitowa zagaye-zagaye, ɓawon ja-ja ne mai kauri da tsagogi.

Akwai biyu da ake yi wa laƙabin fayin a garuruwanmu ba su ji ba ba su gani ba. Ta farko kasharina, wadda ake jerawa a bakin titi da harabar makarantu, iska na kaɗa ta tana fito. Abin da kake ɗauka allura ne a jikinta ƙananan rassa ne masu gaɓa-gaɓa. Ja ɗaya za ka ga ya cire a gaɓa. Allurar fayin ba ta da gaɓa. Kasharina 'yar gidan masu fure ce, itacenta na da nauyi, yana tsagewa in ya bushe, ya fi dacewa da girki da gawayi. Ta biyu ita ce doguwar nan siririya mai rassa a sunkuye da masu gidaje ke dasawa jikin katanga. 'Yar Indiya ce, ganyenta ma mai faɗi ne mai lanƙwasa a gefe, ado kawai take yi. Wanda ya je sayen dashen fayin aka ba shi ɗaya daga cikin waɗannan, shekara ashirin zai yi yana jiran katakon da ba zai zo ba.

Me ya sa duniya ta damu da fayin haka? Na farko, yana miƙewa, yana da sauƙin yanka da fera, yana karɓar ƙusa, ga rashin nauyi: busasshen katakonsa bai cika wuce kilo 500 zuwa 600 a kowace kubik mita ba, inda kawo ke kai 800. Shi ya sa rufin gidajen Turai da Amurka da akwatunan ɗaukar kaya kusan duk dangin nan ne. Na biyu, ƙaronsa. Ana tsaga jikin bishiyar a tara shi, a dafa, a fitar da tafentin da ake sirka fenti da shi, abin da ya rage kuma shi ne rozin, wanda ke shiga gam da tawada da sabulu. Hayaƙin nan mai ƙamshi da ke tashi in mai gyaran waya ko rediyo ya ɗora dalma, rozin ne ke ƙonewa. Sin da Barazil da Indunusiya su ke riƙe da wannan kasuwa.

Na uku shi ne babba, wato takarda. Zaren da ke cikin itacen fayin dogo ne, milimita uku ko fiye, na masu faɗin ganye kuwa bai cika wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba. Gajeren zare yana ba takarda santsi, dogo shi ke ba ta ƙarfi. Buhun siminti da kwalin da ke jure dukan tasha ba su yiwuwa sai da dogon zare. A nan ne tarihinmu yake da ban takaici. Gwamnati ta gina manyan masana'antun takarda uku: ta Jebba wadda ta fara aiki a 1969, ta Oku Iboku a jihar Akwa Ibom ta yanzu wadda ta fara a 1986 don takardar jarida, da ta Iwopin a jihar Ogun. An dasa malaina mai ɗimbin yawa a gandun Omo da na Oluwa don ciyar da ta Iwopin, amma malaina gajeren zare gare ta. Fayin da zai ba da dogon ba a dasa shi yadda zai isa ba, sai aka koma sayo markaɗen itace daga waje da kuɗin ƙetare. Da Naira ta faɗi, wannan ya haɗu da rashin kayan gyara da sakacin gudanarwa, kafin shekarar 2000 duk ukun sun yi shiru. Har yau mafi yawan takardar da 'ya'yanmu ke rubutu a kai shigo da ita ake yi. Tanzaniya, wadda ita ma baƙo ne fayin a wurinta, ta raya gandun Sao Hill, yana ba masana'antar takarda ta Mufindi itace, yana kuma cika kasuwanninta da katako.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce a cika Kazaure da fayin. Ba zai yi ba. Yana son tudu mai sanyi da ruwan sama wadatacce, irin Jos mai tsayin kusan mita 1,200 da Mambila da ta ɗara haka. Yana da wani sharaɗi kuma da ya wahalar da masu dashen farko a ƙasashen Afirka da dama: saiwarsa ba ta iya ci da kanta sai da taimakon wata fumfuna mai amfani da ke zama a jikinta. In babu ita, dashen sai ya yi rawaya ya tsaya cak. Maganin shi ne a ɗebo ƙasa daga gindin tsohon gandun fayin a gauraya da ta reno. Ga tsoron gobara, domin busassun allurorin da ke taruwa a ƙasa makamashi ne. Gara na cin katakonsa in ba a jiƙa shi da magani ba, gungumen kuma in ya kwana biyu a yashe sai ya yi shuɗi-shuɗi, farashinsa ya faɗi. Sannan mafi yawan fayin in an sare ba ya toho daga kututture, sai an sake dashe.

Sauran baƙin uku kun san su, ba zan daɗe a kansu ba. Bishiyar turare, wadda wasu ke kira zaiti, 'yar Ostireliya ce: dogon ganye siriri mai ƙamshin man zafi in an murza, ɓawo mai saɓulewa ya bar jiki fari sumul. Ita da dalbejiya aka yi shingayen tare iska da su a Kano da Jigawa da Katsina, ita ce kuma sandar da magina ke tokare dakin da ita. Tana toho bayan sara, sai dai tana da shan ruwa, kada a kai ta bakin rijiya ko fadama. Malaina ganyenta faɗi ne a gindi da tsini a baki, 'ya'yanta rawaya ne da awaki ke so. Katakonta fari, mara nauyi, shi ya cika kasuwa yanzu, amma yana da jinkirin bushewa, kafintan da ya yi gaggawa ƙofarsa za ta buɗe baki. Tik kuwa, ɗan Indiya da Bama, ganyensa ya fi na kowa girma, yana da kaushi, in ka murza sabon tohonsa hannunka zai yi ja. Akwai gandunsa a Nimbiya a kudancin Kaduna. Katakonsa na da maiƙo, ruwa da gara ba su cika damunsa ba, don haka ake jiragen ruwa da kujerun waje da shi. Mu kuwa mun fi saninsa a matsayin falwaya, muna sare shi yana ƙarami kafin ya kai kuɗinsa.

Yanzu mu dawo gida. Maɗaci, kawo, doka da maje duk ganyensu a jere yake bibbiyu a kan kara ɗaya, babu tilo a ƙarshe, shi ya sa ɗalibai ke rikita su. A nan ne duba ƙasa ke amfani. Ɗan maɗaci ƙwallo ne mai tauri, toka-toka, yana tsagewa gida huɗu ya saki iri fale-fale. Tsaga ɓawon ka ga ja, ka ɗanɗana ka ji ɗaci. Kawo kwansonsa baƙi ne mai kauri, a ciki ga iri baƙi wuluk da jar hula a kansa. Doka a tare take tsirowa, daji guda, kamar yadda ake gani a wajen Birnin Gwari, kwansonta na fashewa da ƙara in rana ta yi zafi. Maje doguwa ce mai farin jiki, kanta a baje a sama, sabon ganyenta ja-ja, kwansonta iri ɗaya tak gare shi.

A kuɗi ba ɗaya suke ba ko kusa. Maɗaci shi ne mahoganin ƙasarmu, ɗan'uwan wanda ake yankowa daga kurmin kudu, katakonsa ja mai ɗaukar sheƙi. Kawo ya fi shi nauyi da jure gara, Turawa na sayensa da sunan dusiye suna daɓen ɗaki da matakala da shi. Doka matsakaiciya ce, ta rufi. Maje kuwa ƙaronta da ake turare da shi ya fi katakonta daraja, domin katakon ba ya jure ƙwaro. Wanda ya sayar da kawo a farashin maje an cuce shi, wanda ya sayi maje a farashin kawo shi ma haka. Wani abin da zai ba ku mamaki: maɗacin nan da muke sassaƙe wa ɓawo a bakin titi har ya bushe a tsaye, a arewacin Ostireliya gonakinsa ake yi na dubban kadada. A nan gida abin da ke hana shi miƙewa a gandu wata tsutsa ce mai huda kan toho, sai bishiyar ta yi rassa tun tana ƙasa. Shi ya sa ya fi kyau a warwatsa shi cikin wasu itatuwa maimakon a jera shi shi kaɗai.

Labarin da ya sa na karɓi wannan gayyata shi ne na madobiya. Kakanninmu sun san ta sarai. Ɓawonta baƙi ne mai ɓamɓarewa, ganyenta na da tilo a ƙarshe, in ka sare ta wani jan ruwa ke fita kamar jini. Da tsakiyar rani, bayan ta kaɗe ganye, sai ta rufe da fure rawaya, ɗanta kuma fale-fale ne zagayayye da ƙayoyi a tsakiya. Makiyaya na sassabe ganyenta su ba shanu lokacin da ciyawa ta ƙare. Abin da mutanenmu ba su sani ba shi ne, a ƙasar Sin tana cikin jerin itatuwan da ake ƙera kayan ɗakin alfarma da su, waɗanda ake kira hongmu, kuma irinta na kudu maso gabashin Asiya sun kusa ƙarewa. Sai masu saye suka juyo Afirka ta Yamma, daga Gambiya da Senegal, zuwa Gana da Benin, har suka iso nan. Wanda ya bi hanyar Bali da Garba Chede a jihar Taraba a tsakiyar shekarun 2010 ya ga gumagumai jibge a bakin titi, ana ce musu madrid ko koso. Matasa sun bar gona sun ɗauki injin sara. A 2017 wata ƙungiya mai bin diddigin fataucin albarkatun daji, EIA, ta ba da rahoton cewa gumagumai sama da miliyan 1.4, na kimanin dala miliyan 300, sun fita daga Najeriya zuwa Sin ba bisa ƙa'ida ba. Ku tambayi kanku nawa ne daga cikin kuɗin nan ya kwana a ƙauyukan da aka sare su. Rashin sani, in ji Hausawa, ya sa kaza ta kwana a kan dami.

An sa madobiya a rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, mai tsara cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, a taron Johannesburg na 2016, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. A taron Panama na 2022 an ƙara da dangin kawo da na maɗaci na Afirka. Ma'anar wannan ga 'yan kasuwar da ke nan ita ce, fitar da waɗannan itatuwa waje sai da takardar izini ta musamman. Ni a ganina dokar ta zo a makare ga madobiya, kuma ba ta hana komai a kasuwar cikin gida, inda kawo da maɗaci ke ƙarewa a hankali ba mai lissafi.

Akwai kuma itatuwan da sare su asara ce ko nawa aka biya. Kaɗanya ita ce kan gaba. Ganyenta a cure yake a bakin reshe, ɓawonta mai kauri ne ya tsattsage gida-gida, in an tsaga farin ruwa mai danƙo ke fita. Wannan farin ruwa shi ke raba ta da namijin kaɗe, wanda ya yi kama da ita amma ba shi da shi. Takan shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, daga nan kuma sai ta ciyar da jikoki da tattaɓa kunne. Man kaɗe na shiga man shafawa na duniya, dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 kuma ta yarda a sa shi cikin cakulan, cikin kashi biyar bisa ɗari da aka ware wa man da ba na koko ba. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwara na wata shida don a riƙa sarrafa ta a gida. Duk da haka ku je Neja da Kwara ku ga buhunan gawayi a bakin hanya. Da yawansu kaɗanya ce, domin gawayinta na da nauyi. Kuɗin mace na kowace damina ne namiji ke ƙonewa a yini ɗaya. Haka ɗorawa mai ba mu kalwa, haka ƙirya, wadda maƙera ke son gawayinta, masassaƙa ke son ta don turmi da taɓarya, alhali 'ya'yanta daddawa ne da ake saye da tsada a Binuwai da Kogi. Marke ma da ya fi kowane itace farin jini a murhu, yanzu sai an yi tafiya mai nisa kafin a ga babba.

Ga kafintoci da masu gini, kalma biyu. In kun shiga 'Yan Katako a Na'ibawa ko Fanteka, kada launi ya saye ku, domin ana shafa wa farin katako kala ya koma kamar mahogani. Ku fere gefe ku ga cikinsa. Ku ɗaga ku ji nauyi: obeche ba shi da nauyi ko kaɗan, na silin ne da filawud, ba na ɗaukar rufi ba. Loko, wanda kasuwa ke kira iroko, rawaya ne in sabon yanka ne, sai ya sha iska yake komawa ruwan ƙasa, ƙurarsa kuma na sa tari, a rufe hanci. Tik za ku ji maiƙo a yatsa. Fayin ƙamshinsa da gurbin rassa da ke jikinsa sun isa shaida.

Roƙona ga iyayenmu hakimai da dagatai da sarakunan dawa shi ne, duk baƙon da ya zo neman izinin sara, a tambaye shi sunan itacen da yake so da inda zai kai shi, a kuma aika a ji farashinsa a birni kafin a amsa masa. Malaman daji su riƙa zama da dattawa suna rubuta sunayen gida kusa da na kimiyya tun masu sanin suna raye. Gwamnatocin Filato da Taraba da Kaduna, su da Allah ya ba tudun da fayin ke so, su sake dasa gandayen da aka sare. Ku kuma ɗalibai, kafin ƙarshen wannan zango kowa ya tattaro ganye da ɗa na itace ashirin daga garinsu, ya manna a takarda, ya rubuta sunan kowanne da abin da ake sayarwa daga jikinsa, ya kawo wa malaminsa.